Wutar Kalatoru Mai Tsoron Rana

Tsibirin Kalatoru,
Tsakiyar Satumba.

Zuwa ga 'yata Tokoni, 'yar majalisar dokokin jiha,

Ina gaishe ki da sunan Ubangiji. Yaya aiki, yaya maigidanki da yara? Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata ta hagu da ke sanar da ni zuwan hadari tun kafin gajimare ya haɗu. Ruwan sama kuwa kullum yi yake, har kaji sun daina gudu.

Kada ki tsaya juya takardar kina tambayar wace ce Alaere. Ni ce. Kakarki ta wajen uba da kakata ta wajen uwa 'ya'yan wa da ƙani ne, kuma ranar da aka kai ki coci aka sa miki suna ni na riƙe lema. Ranar bikin kunna wuta ma ni ce mai jan ɗankwalin nan da ta rungume ki har ɗan sandanki ya ɓata rai. Na rubuto da hannuna ne domin a tsibirin nan waya ba ta kamawa sai a ƙofar shagon Koripamo mai janareta, shi kuwa abin da ka faɗa da safe kafin rana ta take ya gama raba wa gari.

Godiya na zo yi. Tun da kuka kafa mana farantan solar nan wuta ba ta ƙifta ba, duk da ruwan da ake shatatawa. Tsofaffi sun ga kalar bangon ɗakunansu, wasu ba su ji daɗin abin da suka gani ba. Fasto ya samu lasifika, yanzu ko kana cikin kwalekwale sai ka ji wa'azi. Koripamo kuwa, da muka shekara da shekaru muna kai masa waya yana sa mata caji yana hura mana hanci, ya rufe janaretansa da buhu, yana zaune yana kallon ruwa.

Amma duk wannan ƙarami ne. Perekeme ya dawo. Shi kaɗai ne ɗana, kuma birni ya cinye min shi tun yana saurayi. Ko rasuwar ubansa, kafin a naɗe rumfa ya koma. Na taɓa kama rigarsa a bakin ruwa, ya ce, "Mama, me zan zauna in yi a inda ko kilifar aski ba ta tashi?" To ga shi ya sauka da kujera mai juyawa, da madubi kamar ƙofar coci, da ɗan firiji, ya buɗe shagon aski a ɗakin gaba na ubansa. Na koma ɗora tukunyar mutum biyu. Jiya ya ce farfesuna ya yi gishiri, na yi masa faɗa, na shiga ɗaki na yi kukan daɗi. Ina so ki sani, 'yata, wutar nan ce ta kawo min shi, ita ce kuma ke riƙe da shi. Ranar da ta tafi zai bi bayanta.

Abu ɗaya ne kawai. Filin da dattawan gari suka nuna muku tudun mata ne, inda muke shanya da rani. Da damina ba kowa a kai, shi ya sa suka yi kyauta da abin da ba nasu ba. Ban tayar da rigima ba. Farantan sun yi kyau, an kewaye su da waya, akuya ba ta shiga. Za mu san yadda za mu zauna da su.

In da hali ki aiko min gilashin ido, nawa ƙafarsa ɗaya zare ce. Ki ba Timipre mai jirgin ruwan Alhamis, shi ke kawo saƙo.

Uwarki ta nesa,
Alaere.

*

Babban birnin jiha,
Farkon Oktoba.

Mama Alaere,

Na amsa gaisuwarki da girmamawa. Muna lafiya, yara suna makaranta, maigida yana gaishe ki. Ki riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi.

Na gane ki sarai. Ɗan sandan ma ya gane ki, har yanzu yana ba da labari. Na tambayi babana zancen zumuncinmu, ya ƙirga da yatsunsa har suka ƙare, ya ce dai ke tamu ce, kada in ƙara wahalar da shi.

Labarin Perekeme ya faranta min rai fiye da yadda kike zato. Kin san tun ina ƙarama aka ɗauke ni daga tsibiri, kuma dalili ɗaya ne da nasa. Shi ya sa na kafe a kan maganar wutar nan. Yanzu haka ƙudirina yana gaban kwamiti, ina neman a kafa wa sauran tsibiran mazaɓarmu irin taku. Abokan aikina na kan tudu ba su taɓa shiga kwalekwale ba, gani suke mutanen tsibiri cikin ruwa muke kwana. Akwai wani Honorabul mai ƙaton ciki da ke zama bayana, duk lokacin da na miƙe sai ya ce, "Ga uwar kifaye ta tashi." Ranar Talata na karanta musu labarin ɗanki, ban faɗi suna ba. Zauren ya yi tsit, har mai cikin ya daina taunar gyaɗa.

Zancen fili kuwa, dattawa sun tabbatar min ba na kowa ba ne, ciyawa ce kawai ke fita. In akwai gyara za mu duba bayan an gama kasafin kuɗi, don yanzu ko cocin Lahadi da ƙyar nake zuwa.

Ga gilashi nan. Ki gaida Perekeme, ki ce ya ajiye min kujera, zan kawo masa ɗan autana ya sha aski a garin kakanninsa.

'Yarki,
Tokoni.

*

Kalatoru,
Ƙarshen Nuwamba.

'Yata Tokoni,

Gaisuwa mai yawa. Gilashi ya yi, har ina ganin ƙashin kifi kafin ya gan ni. Gwiwa ta lafa tun da ruwa ya ɗauke. Na sake bincike a kan zumuncinmu, ashe ya fi yadda na faɗa kusa. Kakannin nan namu ba 'ya'yan wa da ƙani ba ne, uwarsu ɗaya, saboda haka ki saurare ni da kyau.

Wutarki ta lalace. Duk daminar nan da rana ke leƙowa kamar mai jin kunya, wuta garau. Yanzu da rani ya shigo, rana tana ƙona ƙeya, sai wutar ta fara sanyin jiki. Da farko takan kai lokacin cin abincin dare. Daga baya kafin magariba ta mutu. Yanzu ko da rana sai ta yi ta numfashi kamar tsohuwar akuya.

Ranar Asabar Fasto ya zauna a kujerar Perekeme. An aske rabin kai, kilifa ta yi shiru. Suka jira har yamma ba ta farfaɗo ba. Perekeme ya ce a ƙarasa da reza, Fasto ya ce fatarsa ba ta shan reza. Ranar Lahadi da hular sanyi ya hau mumbari, gumi yana ɗiga a kan Littafi, ya yi wa'azi a kan haƙuri yana hararar inda nake zaune. Lemon da ke firiji ya koma shayi. Samarin da suka fara taruwa a shagon sun koma gindin mangwaro.

Na san wanda ya yi. Koripamo ya yaye buhu daga kan janaretansa, ya goge shi, ya sayi sabuwar riga. Shekaranjiya na wuce ya ce, "Mama Alaere, yaya ranarku? Ko ita ma ta tafi kasafin kuɗi?" Na ce, "Mai kan kwakwa, in na gano abin da ka binne a garin nan sai ka tone shi da haƙoranka." Mutum ba ya yin ƙiba a wata ɗaya sai da dalili.

Perekeme ya daina cewa miyata ta yi gishiri. Ci kawai yake ya tashi. Na fi son faɗan. Jiya na gan shi yana goge jakar da ya zo da ita, na tambaye shi, ya ce ƙura ce ta hau ta. Ki aiko wanda zai duba, tun kafin ƙurar ta gama fita.

Don kada takardar ta zama kuka zalla, bana jatan landenmu ya yi kyawun da bai taɓa yi ba. Kafin rana ta karkata ya bushe ƙayau, ba yashi ko ƙwaya ɗaya, ga ja kamar an shafa manja. Matan kasuwar ƙetare har rige-rige suke. Ga ƙunshi nan na aiko miki, ki ɗanɗana ki ji hannun iyayenki.

Uwarki ta kusa,
Alaere.

*

Babban birnin jiha,
Tsakiyar Disamba.

Mama,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, sai gajiya. Jatan landen ya iso, ban taɓa cin irinsa ba. Na ɗiba wa matar Kakakin majalisa, ta aiko tana tambayar ko akwai saura.

Takardarki ta tayar min da hankali, shi ya sa na turo Injiniya Okwudili, wanda ya kafa farantan. Ya dawo ya zauna a ofishina yana murmushi. Ya ce a duk inda ya yi aiki bai taɓa ganin farantai masu tsabta irin na Kalatoru ba, har fuskarsa ya gani a ciki. Ya auna komai, komai lafiya. Ya kwana biyu a can, wuta ba ta ɗauke ba, Perekeme ma ya yi masa aski. Abin da ya ba shi mamaki kawai shi ne kyanwoyin garin, wai duk sun taru a bakin wayar da ta kewaye farantan suna kallonsa, kuma wurin yana wani ƙamshi da ya sa shi jin yunwa.

Mama, ban ce kin yi ƙarya ba. Amma ina da injiniya mai takardar shaida yana cewa lafiya, ina da ke kina cewa mutuwa. Labarin kuma ya riga ya shigo majalisa, ban san ta wace kafa ba. Mai cikin nan ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, a taya ni tambayar uwar kifaye, wace irin wutar rana ce ke aiki da damina ta gudu da rani? Ko a saya mata lema ne?" Zaure ya fashe da dariya, har magatakarda ya sunkuyar da kai. An ɗage maganar ƙudirina zuwa bayan Kirsimeti.

In Koripamo ne ke zuga mutane su yi ta kuka don kasuwarsa ta dawo, kada ki bari a yi amfani da ke. Ki bar masa zancen asiri, batir ba ya jin tsafi. Duk da haka zan sake turo Injiniya, ya zauna ya fi na da daɗewa. Ki lallashi Perekeme ya ƙara haƙuri.

Tokoni.

*

Kalatoru,
Farkon Janairu.

Honorabul,

Ina gaishe ki, tunda gaisuwa wajibi ce. Lafiyata ƙalau, in kina son sani. Na sake tunani a kan zumuncin nan, wataƙila babanki ya fi ni gaskiya, da ɗan nisa.

"Ban ce kin yi ƙarya ba." Na karanta layin nan da gilashinki, na cire na karanta da tsohon nawa, duk abu ɗaya ya ce. Ni da na riƙe miki lema! Koripamo zai yi amfani da ni? Mutumin da ko gaisuwarsa ba na amsawa sai da gefen baki?

Injiniyanki ya sake zuwa, kuma gaskiya ne, yana sauka wuta ta dawo. Ya kwana huɗu yana cin doya da farfesun kifi, wuta tana rawa a kowane gida. Jirginsa bai gama ɓacewa ba ta fara tari. Yanzu gari ya rabu biyu. Wasu sun ce a jakarsa yake zuwa da ita ya koma da ita. Wasu sun ce wutar ta san ubangidanta ne, kamar kare. Doutimi, bazawarar nan mai sayar da bammi, ta ce in zamansa ne magani ita ta yarda ta sadaukar da kanta, a ɗaura musu aure ya zauna. Ta aika masa da tulu guda, ya sha, ya yi godiya, ya nuna mata hoton matarsa da 'ya'ya biyar.

Kuma ki faɗa masa zuwansa ba ƙaramar asara yake ja mana ba. Kin san, ko da yake ba lallai ki sani ba tunda birni ya raine ki, namiji ba ya taka tudun mata da rani, kuma ba a ba maza labarin abin da ke can. Haka muka tarar. In baƙon gwamnati ne dole, sai an kwashe shanya kaf, an share, an wanke, sannan ya hau, don ba a nuna wa baƙo wurin aiki a hargitse. To duk ranar da Timipre ya ce Injiniya na tafe, tun asuba muke kwashe jatan landen daga kan farantan, mu wanke su da sabulu ɗaya bayan ɗaya, mu goge da tsohon zane. Muddin yana nan ba mai shimfiɗa ko ƙwaya. Kwana huɗu ba shanya, a tsakiyar kakar jatan lande! Shi kuwa sai yabon tsabta yake, ko sannu bai ce mana ba.

Ba don farantan suna da kirki ba da tuni mun yi bore. Amma gaskiya wanda ya ƙera su ya san shanya. Ga faɗi, ga ɗumi, ga su a karkace suna fuskantar rana, ruwan jikin jatan lande yana gangarewa da kansa. Mun raba su, kowace mace da nata, ni uku na samu saboda ni ce shugabar mata. Ba mu bar ko tafin hannu a buɗe ba. Wannan kam kin yi mana aiki, ba zan hana ki yabonki ba. Wutar ce dai ba ta da amana.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki biro. Perekeme ya faɗa da bakinsa. Ya ce, "Mama, na gwada. Ba zan zauna ina aske rabin kai ba." Na ce ya jira Ista, ya ce a'a. Na ce ya jira ƙarshen wata, ya ci gaba da naɗe wayar kilifa. Ya yi magana da Timipre a kan kujerar. Ba wannan Alhamis ba, ta sama. Ban san me zan ce miki ki yi ba. Ke ce mai majalisa, ni jatan lande kawai na sani.

Alaere.

*

Babban birnin jiha,
Talata.

Mama, Mama, Mama,

Gaisuwa a tsaye, ki yafe ni. Takardarki ta yi kwanaki a kan teburin sakatarena a ƙarƙashin takardun kwamiti, sai yau na gan ta.

Ku kwashe jatan landen nan daga kan farantan. Yau, yanzu, kafin ki kai ƙarshen layin nan. Farantan ba tabarmar shanya ba ne, su ne bakin da wutar ke cin abinci da shi. Rana suke sha su tura wa batir. In kun rufe su ba abin da ke shiga. Da damina kuna busar da kayanku a kan hayaƙi, shi ya sa wuta ta yi ta aiki. Injiniya kuwa ku kuke gyara masa wutar da hannunku kafin ya iso, ku sake kashe ta bayan ya tafi.

Na karanta wa Okwudili, ya zauna a ƙasa ya riƙe kai, sai faɗi yake, "Kyanwoyin nan! Kyanwoyin nan!" Ni kuma na yi dariya har hawaye, daga baya hawayen suka ƙi tsayawa. Ashe wutar tsibirina na yi ta zuba wa miya, har na ɗiba wa matar Kakaki. Da na hau tudun nan na zauna da ku kafin a kafa ƙarfe ɗaya, da duk haka ba ta faru ba. Na zauna da dattawa na sha bammi, na ɗauka na ji ta bakin gari.

Na kira duk lambar da nake da ita a Kalatoru, har ta Koripamo, ba wadda ta shiga. Jirgi kuma sai na jibi. Ki nuna wa Perekeme takardar nan tun a bakin ruwa. Ki ce ya ba wutar kwana biyu kacal. Maganar wurin shanya a wuyana take, zan yi muku, amma ki fara riƙe ɗanki.

'Yarki,
Tokoni.

*

Kalatoru,
Ƙarshen Janairu.

'Yata,

Ina gaishe ki. Jikina lafiya. Sauran kuwa ga shi nan.

Takardarki ta zo ranar Alhamis. Timipre ya miƙo min ita da hannun dama, ya karɓi kujerar Perekeme da na hagu. Na ga rubutunki na ce a raina wani "ban ce kin yi ƙarya ba" ne, na cusa ta a ƙugu. Gilashina ma yana gida, kuma ko yana fuskata ba abin da zan gani, ido ya cika. Perekeme ya rungume ni ya ce, "Mama, ki daina, mutane na kallo." Na ce su kalla, su suka haifa min kai? Ya zauna a kan kujerarsa a tsakiyar jirgi, tana juyawa da shi, sai in ga fuskarsa, sai in ga ƙeyarsa, har suka sha kwana. Sai da na koma gida na dafa abincin da ban ci ba, sannan na tuna da ke. Takardar tana jikina duk tsawon tsayuwar da na yi a bakin ruwa.

Da farko cewa na yi ƙarya kike. Na hau tudu na karanta wa mata da ƙarfi don su taya ni jin haushi. Sai matar Fasto ta ce a hankali, "Ai na faɗa muku tun Nuwamba." Gaskiya ta faɗa. Muka ce mata baƙuwa ce, a garinsu ko kogi babu, me ta sani game da shanya? Ranar ba wadda ta kalle ta.

Na ce a kwashe. Nan fa aka kai ruwa rana. Doutimi ta kama ƙugu ta ce, "Alaere, ni ɗana ba wanzami ba ne. Wuta ba ta taɓa saya min zane ba, jatan lande ya saya. Mu koma shanya a ƙasa yashi ya shiga, saboda ɗanki da ya riga ya tafi?" Wasu suka ce haka ne. Ba ƙarya ta yi ba. Na kwashe nawa ukun, na zauna a bakin ƙofar waya da taɓarya a cinya, ban ce zan doki kowa ba.

Ina zaune sai dabara ta zo min. Na ce, "Wa ya ba da tudunmu?" Suka ce dattawa. Na ce, "Su ina suke zama?" Kin san dandalinsu na gaban gidan sarki, wanda aka daɓe da siminti, ga bencina dogaye, ga teburin dara. Washegari kafin su gama wanke baki mun shimfiɗe shi kaf da jatan lande, har kan teburin. Sarki ya fito da sanda ya ce, "Wane ne ya ba ku nan?" Doutimi ta ce, "Ranka ya daɗe, mun zo da asuba mun ga ba kowa a kai." Yanzu a tsaye suke shari'a, a gefen rijiya, ƙuda na bin su. Sun ce za su rubuto miki, ki shirya.

Wuta ta dawo a kwana na biyu, ba ta sake ƙiftawa ba. Koripamo ya mayar da buhunsa. Ban ba shi haƙuri ba, amma na sayi ashana a wurinsa ban yi ciniki ba, ya gane.

Tokoni, na zagi gwamnati, na zagi Injiniya, na zagi mai janareta, har ke na taɓa. Ashe ni ce nake tashi da asuba in rufe wa ɗana abincinsa da hannuna, ina waƙa. Madubinsa bai shiga jirgi ba, yana nan a bango. Nakan shiga shagon in kunna fitila, firiji ya yi ta gurnani ba kowa, in duba madubin in ga wata tsohuwa mai taurin kai. Kewarsa ta fi ta farko zafi, don wancan karon ba ni na kore shi ba.

Ki nemo min shi. A da yana aski a wani shago kusa da tashar jiragen ruwa. Ki ce masa wuta ta dawo. Kada ki faɗa masa dalili, ki ce Injiniya ne ya gano wata waya da ta tsinke.

Uwarki, ko ta kusa ko ta nesa, yadda kika ga dama,
Alaere.

*

Babban birnin jiha,
Laraba, tsakiyar Fabrairu.

Mama ta kusa,

Na sa Timipre ya rantse ba zai sake miki takardar nan ba sai kin sa gilashi a gabansa, saboda haka na san a bakin ruwa kike tsaye. Muna lafiya, ina fata ke ma haka.

Ƙudirina ya wuce. Na miƙe na faɗi komai da bakina kafin mai ciki ya riga ni, aka yi dariyar da ba a taɓa yi ba a zauren nan. Da suka gaji na kawo gyara: duk tsibirin da za a kafa wa farantai, sai an zauna da matan garin tukuna, kuma sai an gina musu gadajen shanya a cikin aikin. Mai cikin da kansa ya goyi baya, da sharaɗin a aiko masa ƙunshi. Naku gadajen za a fara, ki faɗa wa sarki ya ƙara haƙuri da ƙuda.

Na samu Perekeme. Ba ya aski, shagon ya ɗauki wani, a bayan tasha yake kwana a kan kujerarsa. Na kawo shi gida, ya cinye mana shinkafar mako. Ki yafe ni, ban yi masa ƙaryar waya ba, 'yar majalisa ce ni amma abin bai kai nan ba. Na ba shi takardunki ya karanta. Da ya zo kan farantai uku na shugaba ya yi dariya har ya faɗo daga kujera. Da ya zo kan madubi sai ya tashi ya fita waje, ya daɗe bai shigo ba. Da ya dawo cewa ya yi, "Anti, abincin gidanku ba gishiri."

Ya ce yana da sharaɗi ɗaya, wai sau ɗaya a rayuwarki ki karanta takarda har ƙarshe a lokacin da aka ba ki ita. To kin kusa. Dubi bayan jirgi, wajen buhunan garin rogo, akwai tamfol shuɗi da ƙafar kujera ta leƙo ta ƙarƙashinsa. Tun daga kwanar ƙarshe zai shige ciki, kuma kin san zafin ranar Fabrairu. Ki je ki kwashe shi kafin ya bushe.

'Yarki,
Tokoni.